Saƙo Na Arba'in da Bakwai

A watan Agustan 1976 ruwa ya cinye gadar da ke ƙasan Riruwai, sansanin masu haƙar kuza ya rage ba hanyar sadarwa sai rediyon oba-oba ɗaya tak. Dikko ne mai kula da ita.

Ka'idar aikin a rubuce take jikin bango, ya kuma haddace ta. Kowane saƙo da lambarsa. Da Turanci ake karanta shi, ban da gaisuwa, ban da hira. Mai karɓa a ofishin kamfani na Tudun Wada zai maimaita lambar, ya faɗi kalmar da ke nufin an karɓa. Daga nan ba a sake aikawa, don kada a tare layi ko a kashe batir. Shekara shida Dikko bai taɓa saɓawa ba.

Ranar Talata da hantsi kububuwa ta sari matarsa Halima a bayan rumbu. Ya aika saƙo na arba'in da bakwai: a turo mota bakin gada da allurar dafi, za a ɗauko Halima a kan makara. Amsa ta zo nan take. Lamba daidai, kalma daidai, sai ɗan tari. Ba a tambayi kome ba.

Suka kai ta bakin gada, suka zauna. Da la'asar dasashinta ya fara jini. Wanta Hamman ya ce, "Dikko, koma ka sake kira mana."

"An karɓa," in ji Dikko. "Suna hanya."

Ta cika ranar Alhamis, kanta a cinyarsa, tana kallon ƙetare.

Bayan sadakar uku ya haye rafin da ƙafa, ya nufi Tudun Wada. Ga mota a rumfa. Ƙura ta rufe teburin Audu, malamin oba-oba. Wani tsohon maigadi mai suna Ɗantani na zaune kusa da na'urar, yana tari.

"Baba, wa ya karɓi arba'in da bakwai?"

"Ni ne nake amsawa, ɗana, tun da Malam Audu ya kwanta ciwo watan jiya. Ya ce in an yi magana in maimaita lambar ƙarshe da kalmar nan, kada a gane ba ya nan." Tsohon ya yi murmushi. "Ni ba na jin Turanci. Mai son mota daga sauran sansanoni Hausa yake yi mini, in taso direba."