Murmushin Azara

Madam Ramla, mai ba da horo, ta karɓe salular kowa ta zuba a kwando kafin a fara.

Ranar ƙarshe ce ta horon ma'aikatan sabon otel ɗin Dakoro. An raba su ekip biyu, wato ƙungiya biyu, kuma ekip ɗin da ta ci ita za a ɗauka aiki gaba ɗayanta. Madam ta ɗauko 'yan wasan kwaikwayo su zo a matsayin baƙi. Za su yi zagi, su yi ƙarya, su tsorata mutum. Wanda ya bar teburin tarba, ko murmushi ya suɓuce masa, ya kayar da 'yan'uwansa.

Jiya wata ta zube ƙasa kamar ta suma, Zakiru na ɗaya ekip ɗin ya ruga neman ruwa, maki ya tafi. Yau da safe wata ta ce wa Haula, 'yar ekip ɗin su Azara, gidansu na cin wuta, Haula sai kuka, su ma maki ya tafi. Madam ba ta da tausayi a nan: abin da ka faɗa game da kanka ranar gabatarwa, da shi za ta sa a soke ka.

Saura Azara, wadda za ta raba gardama. Ita kuwa ranar nan ta saki baki ta ba da labarin mijinta Jafaru, mai babur ɗin kabu-kabu, wanda kullum yake kawo ta daga Birnin Lalle, yana tsokanarta wai matar otel.

Wani dogo mai rawani ya shigo yana haki. Ya karanta sunan da ke ƙirjinta.

"Ke ce matar Jafaru? Mota ta kaɗe shi a hanyar kasuwa. Yana gidan likita, sunanki kawai yake kira."

Azara ta dafa tebur. Ta dubi 'yan ekip ɗinta, duk sun zuba mata ido, Haula har da haɗa hannuwa tana roƙo. Kai, Madam ta iya mugunta! Azara ta saki murmushi.

"Sannu da zuwa, Malam. Ga kujera, a kawo ruwa mai sanyi?"

Ya maimaita. Ya rantse da Allah. Ya ce ga babur a waje, ta taso tun da sauran numfashi. Ita dai murmushi, tana tambayarsa ɗaki mai fanka yake so ko mai sanyi.

Mutumin ya daɗe yana kallonta, kallon da ba ta taɓa gani ba. Ya girgiza kai ya fita.

Aka ɓarke da tafi. Haula ta rungume ta, sun samu aiki. Azara na dariya da hawaye ta ce, "Madam, wallahi wannan na ƙarshen ya iya wasa, saura kaɗan in bi shi."

Madam Ramla, da shigowarta ke nan daga ofis, ta tsaya cak.

"Wane na ƙarshe? 'Yan wasan da na ɗauko duk mata ne."