Gwauron Biza

"An canza doka," in ji lauyan, ko ɗago kai bai yi ba. "Yanzu mai iyali kaɗai suke ba bizar aiki, don shi ne ke dawowa gida."

Mutumin Dungas da ke zaune gabansa ya dubi bakin lauyan. Wannan bakin ne fa ya ce masa bara gwauraye ake ɗauka, ya saki matarsa gaban shaidu, in biza ta fito ya mai da ita.

Ya hau kabu-kabu daga Magarya, yana ta shirya kalaman biko. Ya iske ta a gidan iyayenta, ƙafafunta ɗaure da lalle.

"Tashi mu tafi gida. Ai kin san sakin wasa ne."

"Na sani, Malam. Na farko kan gishirin miya ne. Na biyu don na je suna ban tambaye ka ba. Wannan ne na uku."

Ta gyara ɗaurin lallenta a hankali.

"Da ka kawo shawarar, ka ji na yi musu? Juma'a za a ɗaura. In ka koma, ka gaishe mini da lauyan."