Marsandin Malam Oliver

"Hayaƙi take yi? Malam Oliver, a juye mata baƙin mai mai kauri kawai," in ji Alhaji Badaruddeen, yana murmushi.

Shekara goma tsohuwar Marsandin maƙwabcin nan nasa tana tsone masa ido. Duk layinsu a Nassarawa ita ake waiwaye, ba dalleliyar motarsa ba. A tunaninsa kaurin man zai shaƙe injin, ya saye ta a wulaƙance.

Bayan sati Oliver ya faka ta a ƙofar Alhaji, ba hayaƙi ba ƙara.

"Alhaji, Allah ya saka! Ai rannan zuwa na yi in ce ka ɗauke ta ko nawa ne. Yanzu kam ni da ita sai mutuwa."