Motar da Ke Jin Sanyi a Tsiga

Sifanar Maitama mai lamba sha biyu ta ɓace ne ranar da ya fara zuwa Tsiga duba motar Hajiya Hansai. Ya zazzage akwatin kayan aiki, ya tsine wa ɓarayin zamani, sannan ya ci gaba da aikinsa, domin babban bakanike ba ya zaman makokin sifana.

Maitama dai shi ne mutumin nan da ya sa aka rubuta "Likitan Inji" a ƙofar garejinsa a Malumfashi. Da bakinsa yake cewa ko tari mota ta yi a hanyar Funtua, yana zaune zai faɗa maka ciwonta. To, ga wata tsohuwar babbar mota mai shan gas, wadda ke kai masarar Hajiya kasuwar Dandume, tana neman kunyata shi da furfurarsa.

Ciwon nata ba shi da wuyar faɗa. Tunda sanyi ya shigo, in gari ya waye Labo direba ya murza makulli, sai ta yi ta gurnani ta ƙi kamawa. Sai an hura wuta a gefenta, an tura garwashi cikin kasko ƙarƙashin inji, an jira hantsi, sannan ta yi tari ta tashi. Kafin ta isa Dandume, manyan masu saye sun loda sun tafi.

Hajiya ce ke sayen itacen. Da yake kuma wata rana sai an haɗa da turi, ta sa ana dama koko ana soya ƙosai don masu taimako. Dattawan unguwa, Allah ya saka musu, ba su taɓa fashi ba. Daga masallaci sai gindin mota, har benci suka kawo. Mai Unguwa Shitu, duk da ciwon gwiwarsa, ba ya yarda kowa ya shiga ƙarƙashi jera garwashi sai shi. Ya ce yaran yanzu ba su da natsuwa, kada su ƙona wa baiwar Allah dukiya.

Maitama ya ce batir ne. Aka sa sabo. Ya ce hita ce ba ta ɗumama inji. Aka canza. Ya kwance nozul ya wanke, ya juye tanki wai ruwa ya shiga mai. Duk ranar da motar ta kwana a garejinsa, bugu ɗaya take tashi. Da ta koma gida sai ciwo ya dawo. Ya bayyana wa masu shan shayi a tasha cewa sanyin Tsiga daban yake, saboda fadama.

"Maitama," in ji Hajiya, "an ce akwai wani Saminu a Funtua mai duba mota da kwamfuta."

"Hajiya, Saminun da na koya wa riƙon filaya?"

"Shi fa. In makon nan ya ƙare ba ta warke ba, can za ta."

Maganar nan ta hana shi cin tuwo. A ji a tashar Malumfashi cewa motar da ta gagari Likita, yaron jiya ne ya ta da ita? Ai sai dai ya goge allon gareji ya koma facin taya. Mutumin da bai taɓa fitowa kafin rana ta yi ɗumi ba, sai ga shi a kan acaɓa da sassafe, naɗe da rawani, zai je ya kama ciwon da idonsa.

Dattawa suka tarbe shi kamar baƙon gwamnati. Aka matsa masa kusa da wuta, aka miƙo koko mai zafi, ana ta cewa yau Likita da kansa. Ya yunƙura zai leƙa ƙarƙashin mota, sai Mai Unguwa ya fito da rarrafe ya tare shi.

"Haba Likita, mutum irinka a ƙasa? Kai da kunne kake aiki, mu ne na gwiwa."

Maitama ya auna maganar, ya ga gaskiya ce. Da suka gaisa ya ji hannun tsohon yana warin gas, har tausayi ya kama shi. Ka ga mutanen kirki, in ji shi a ransa. Ya koma benci, ya lumshe ido, ya saurari gurnanin inji yana tauna ƙosai, sannan ya yanke hukunci: famfon mai ne.

Ya kwance famfon ya tafi da shi Malumfashi. Ya buɗe, ya duba, bai ga komai ba. Ya wanke shi tas, ya haɗa shi, ya shafa masa jan fenti don a san hannun gwani ya taɓa shi.

Ranar da ya dawo da shi ko rawani bai ɗaura ba, don garin ya fara ɗumi. Ya ɗaura famfo, ya hana a hura wuta, ya ce a bar ta ta kwana. Washegari ya iske babu benci, babu kasko, dattawa kuma na tsaye daga nesa suna firfita da hula. Labo ya yi bisimilla ya murza makulli. Bugu ɗaya ta kama.

Hajiya ta fito da turmin shadda ta ba shi. Maitama ya hau matakin mota ya yi wa jama'a jawabi a kan bambancin kwamfuta da kunne, ya ce a gai da Saminu.

Zai hau acaɓa ke nan Mai Unguwa ya tako da sandarsa, ya ja shi gefe, ya danƙa masa wani abu naɗe a leda.

"Likita, ga sifanarka, mun gode. Ta fi tamu kama notin nan na jikin filtar mai, a sassauta da magariba mota ta ƙi tashi da safe, a ɗaure da hantsi bayan an sha koko, ko zamewa ba ta yi. Tunda sanyi ya wuce, riƙe ta wurinka, sai baɗi mu aiko."