Finjali Biyu a Gidan Hajiya Mastura

Finjali biyu kacal Hajiya Mastura ta jera a faranti, alhali su uku ne a falonta na unguwar Safa da ke Jidda. Zaituna ta gani, ta sunkuyar da kai tana murza bakin abayarta. Ta san dalili. Ita baƙar Bahaushiya ce haifaffiyar unguwar Ruwais, Hajiya da danginta kuwa 'yan Afirka ta Kudu ne masu hasken fata, kuma Abdulghani, ƙanen Hajiyar, ya kawo ta ne a matsayin wadda zai aura.

Hajiya ta zuba gahawa ta miƙa wa ƙanenta. Ya karɓa, ya ajiye bai kurɓa ba. A Jidda kowa ya san ma'anar haka: akwai buƙata, ba za a sha ba sai an biya ta.

"Yaya," ya ce a hankali, "kin tuna lokacin da Turawa suka gyara tsarin mulki a gida, suka ba irinmu majalisa, suka bar baƙar fata a waje? Wa ya hana ni zuwa zaɓe?"

Hajiya ta shafa tabon kulkin 'yan sanda da ke goshinta.

"Ni ce. Na ce abin da aka hana maƙwabtanmu, ba ma karɓa."

Abdulghani ya dubi farantin da babu finjali na uku a kai.

Sai Hajiya ta cika nata finjalin, ta miƙa wa Zaituna.

"Halas, shi ke nan. Sha, ƙanwata."

Zaituna ta karɓa da hannu biyu. Ta saci kallon Abdulghani. Sai da ta kurɓa sannan ya ɗauki nasa.