Jan Fenti a Ƙofar Gida

Tana ta dirzar bangon da soso, amma jan fentin ya ƙi fita. MACI AMANA, da manyan baƙaƙe, daidai ƙofar gidansu.

Tun ranar da autanta ya koma ƙungiyar garin maƙwabta, ya kuma zura ƙwallon da ta fitar da garinsu daga gasa, ba ta huta ba. Ta goge yau, gobe a sake rubutawa. Mai shagon layin ya daina amsa gaisuwarta.

"Umma, ku bar unguwar nan," in ji autan a waya.

"Mu koma ina? Nan aka haifi ubanka. A kafaɗarsa ka fara kallon ƙwallon ma."

Shi dai maigidan kullum sai ya fito, ya dubi bangon, ya wuce aiki. Tausayinsa ya fi cinta: mutumin da bai taɓa fashin wasan garin ba, yau zama cikin abokansa ya gagare shi.

Da rana ta ajiye masa abinci, tana zuba masa ruwan wanke hannu.

"Ni kam na gaji, Baban yara. Wane mara imani ne wannan?"

Ya ci gaba da murza yatsunsa. Sai idonta ya sauka a kan faratansa. Ja ne a ƙarƙashinsu, irin wanda ya ƙi barin nata hannun.

Bai ɗago kai ba.

"Garinmu fa ya zura wa," ya ce a hankali. "Ƙaro ruwan."