Ranar da Baba Ya Turo Ƙyaure

Takardar neman shiga babbar makaranta ta ba ni zaɓi uku: tuƙin jirgin sama, zanen hannu, ko zane mai motsi a kwamfuta. Duk garinmu Matankari an san jirgi zan ɗauka. Tun ina 'yar shekara bakwai nake cewa ta sama zan nemo Baba, wanda ya tafi ci-rani Libiya bai dawo ba.

Amma na girma, na san hamada ba ta cika mayar da wanda ta ci ba. Na zaɓi na ukun.

Shekara uku ina fama da ɗan hoton katinsa na shaida, shi kaɗai ya bar mana. Na yi ta zana fuskar har ta koyi ƙifta ido.

Da na dawo gida, na iske Inna tana sussukar hatsi. Na nuna mata wayata. A ciki, Baba ya turo ƙyaure, ya kakkaɓe takalmi, ya ɗago ya dube ta.

Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta jingine taɓarya, ta jawo mayafi, ta sunkuyar da kai.

"Sannu da hanya, Malam," ta ce a hankali. Sannan ta harare ni. "Ke, tsayuwa za ki yi? Kawo mai ruwa."